Darussan da na koya wajen koyar da ilimin haske

Yanzu da na ajiye koyar da fiziks a sakandare, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne saɓanin da muka samu da shugaban sashenmu a kan launukan da mai ke yi idan ya malale a kan ruwan kwata. Takardar amsoshin da ya tsara ta ce karyewar haske ce ke kawo su, kamar bakan gizo. Wata ɗaliba ta rubuta cewa haɗuwar igiyoyin haske ce, na ba ta cikakken maki, shi kuwa ya soke, ya kuma ja mini kunne a gaban malamai. Har na bar makarantar ba a mayar mata da makinta ba.

Yarinyar ce ke da gaskiya. Haske yana karyewa ne idan ya tsallaka daga wani abu zuwa wani, saurinsa ya sauya, ya karkata. A cikin ruwa yana tafiya da kusan kashi uku cikin huɗu na saurinsa a iska, shi ya sa ake ganin cokali kamar ya karye a cikin kofi. Kawalwalniya a kan kwalta mai zafi ma daga nan take. Masanin lissafi Ibn Sahl ya rubuta ƙa'idar wannan karyewa a Bagadaza wajen shekarar 984.

Shi kuwa mai, shimfiɗa ce siririya a kan ruwa. Wani kason hasken yana dawowa daga samanta, wani daga ƙasanta, idan suka haɗu sai su ƙarfafa wani launi, su kashe wani, gwargwadon kaurin man a wurin. Masanin kimiyya na Ingila Thomas Young ya bayyana haka tun 1801. Ido ma zai iya rabewa: bakan gizo yana da jeri tsayayye, ja a waje, amma launukan mai da na kumfar sabulu suna maimaituwa, suna kuma sauyawa idan mai kallo ya gusa. Na nemi shugaban ya leƙa bakin garejin da ke kusa da mu ya gani, bai je ba.

Bazuwar haske ita ce ta uku bayan karyewa da haɗuwa, wato yadda yake buɗewa idan ya ratsa ƙaramar kafa ko ya gifta gefen abu. Ita ke yin ƙaramin zobe mai launi da ke manne da wata a cikin siririn gajimare, alhali babban zoben nan mai nisan digiri 22 karyewa ce a cikin ƙwayoyin ƙanƙara. Tsakanin bazuwa da haɗuwa babu katanga sosai, kuma gara a faɗa wa ɗalibai hakan a fili.

Na kuma koyi ajiye kwafin duk makin da na bayar. Wanda zai gaje ni zai tarar da tsohon faifan CD da ƙyallen mayafi a aljihun tebur. Idan ɗalibai suka kalli fitila mai nisa ta cikin ƙyallen, za su ga hasken ya bazu zuwa ɗigo-ɗigo a jere, kuma wannan ya ishe shi fara darasin.