Ƙwarangwal Shida a Motsi Ɗaya: Yadda Ta Kaya da Matsafin Gawata a Dungeons & Dragons

Duk wanda ya ɗauki matsafin gawa, wato matsafi mai tada gawawwaki su yi masa yaƙi, a bugu na 5 na Dungeons & Dragons, wasan tebur da kowa ke riƙe gwarzo ɗaya ana jefa dais (ƙwayoyi masu lambobi), mataki na 6 yake hange tun daga ranar farko. Kafin nan kai matsafi ne kamar kowane matsafi, jini (makin rai) kaɗan, jiki ba ƙwari. Na sa basira 16, na ɗaga ta zuwa 18 a mataki na 4, na ba juriya da zafin nama 14 kowanne. Sulken Sihiri da safe ya kai kariyata 15, wato lambar da mai kawo mini hari zai cim ma kafin ya same ni, Garkuwa kuma ta ƙara 5 idan an kawo sara. Wannan kowa ya san shi, kuma bai taɓa ba ni matsala ba.

A mataki na 6 ne abin ya fara daɗi. Sihirin Tada Gawa ya koma tada biyu maimakon ɗaya, kowace ƙwarangwal ta samu ƙarin jini daidai da matakina, wato daga 13 zuwa 19, kibiyarta kuma ta samu ƙarin 3 a kan ɓarnar da take yi. Gurbi uku nake da su na sihirin mataki na 3, ajin da Tada Gawa yake (matakin sihiri daban yake da na gwarzo), kowane gurbi damar yin sihiri sau ɗaya ne a rana. Ranar farko na zuba dukansu na tada shida, washegari na sabunta ikona a kansu da gurbi biyu na ƙara biyu da na ukun. Takwas ke nan. Mai jan wasanmu ya ce ƙashi ba ya tashi da baka a hannu, sai na saya, zinari 25 kowane baka, 200 cif, kusan duk abin da na tara. Ban ji ciwon kuɗin ba, don lissafin a bayyane yake: abokin gaba mai kariya 15, rabin kibiyoyin za su same shi, kowacce kusan 8 da rabi, ɓarnar 34 ke nan a kowane zagaye, alhali Dunƙulen Wuta da ake ta yabo 28 yake yi a matsakaici, sau ɗaya, gurbi ya tafi. Akwai daren da wani ƙaton dodo ya fito mana daga bayan dutse, kafin mayaƙinmu ya isa gare shi maharbana sun kai shi ƙasa. Har yau idan na tuna yadda tebur ya yi tsit raina fari yake yi.

Sai muka shiga wata tsohuwar maƙabarta ta ƙarƙashin ƙasa. Hanya siririya, ɗaki ƙarami, dole kowa ya matsu. Na jera maharban a bayan kilarik ɗinmu, limamin tawaga mai warkar da mu, don a ganina nan ne wuri mafi aminci. Maciya gawa huɗu, su ma matattu ne masu motsi, suka faɗo daga rufi, ɗaya ya yagi mayaƙinmu ya sandarar da shi. Da layi ya zo kan abokina mai riƙe da kilarik, ko tsayawa tunani bai yi ba, ya ce ya ɗaga alamarsa ya yi Korar Matattu. Mai jan wasa ya dube ni ya ce, "Malam, ɗauko dais takwas."

Ban gane ba da farko. Sai ya juyo mini da littafin 2014 ya sa yatsa a kan layin: kowane matacce mai motsi da ke cikin ƙafa 30, wanda ke gani ko jin kilarik, sai ya yi jifan tsira na hikima, wato ya jefa dais ya ga ko zai kuɓuta. Kowane. Ba a ce na abokan gaba ba. Kuma daga mataki na 5, wanda ya faɗi jifan, idan ƙarfinsa bai wuce rabi ba a ma'aunin dodanni, ba gudu zai yi ba, rugujewa zai yi nan take. Ƙwarangwal rubu'i take a ma'aunin. Hikimarta 8, ana rage mata 1, ga shi ana neman 15, wato sai dais mai fuska 20 ya nuna 16 ko sama. Na watsa dais ɗin a kan tebur, biyu suka tsira, shida suka zama gari. Maciya gawan da aka yi abin dominsu kuwa ƙarfinsu 1 ne, kilarik ba ya iya ruguza irinsu sai a mataki na 8, don haka uku suka ruga suka ɓuya na minti ɗaya suka dawo da ƙarfinsu.

Abokin nawa ya riƙe kai ya ce, "Wallahi ɗan'uwa ban san ya haɗa da naka ba, yi haƙuri." Na ce ba komai, kuma da gaske ba laifinsa ba ne, mayaƙinmu yake ƙoƙarin ceta. Mai jan wasa ma gaskiyarsa, abin da ke rubuce ya bi. Amma abin ya tsaya mini a rai, don babu wanda ya taɓa faɗa mini wannan. Duk masu ba da shawara kan matsafin gawa gargaɗinsu ɗaya ne, ka yi hattara da wutar abokan gaba. Ba wanda ya ce ka dubi mutumin da ke zaune kusa da kai yana warkar da ku.

Asarar ba ta tsaya a ƙashi shida ba. Da safiyar wannan rana na riga na kashe gurbi biyu na mataki na 3 don riƙe rundunar, saura ɗaya tal. Sai ga ni a tsakiyar maƙabarta da maharba biyu, da gurbi ɗaya, da jinin da sara biyu za su ƙarar. Mai jan wasa ya yanke cewa garin ƙashi ba ya sake tashi, gawar maciya gawa ma ba ta shiga, sai ta mutum ko mai kama da mutum, matsakaici ko ƙarami. Sauran daren da ƙananan sihirin da ba sa cin gurbi na ƙarasa shi, ina maƙale a bayan kowa. A nan ne na ga ainihin abin da na gina: duk ƙarfin yana wajen jikina, a cikin abin da motsi ɗaya zai share.

Abu na farko da na gyara shi ne tazara, kuma lambobin suna taimako idan ka lura da su. Korar Matattu ƙafa 30 take kaiwa. Umarninka yana kaiwa ƙafa 60. Ƙaramin baka yana harbi lafiya har ƙafa 80. To ka tsaya a tsakiya, kilarik a gaba, maharba can baya fiye da ƙafa 30 daga gare shi. Idan wuri ya yi ƙunci kamar wancan ɗakin, ka bar su a bakin ƙofa ko bayan kwana, inda ba sa ganinsa, ka kuma tambayi mai jan wasa tun kafin a fara ko a ganinsa suna jin muryar daga can. Mu yanzu mun yi alkawari da abokina, kafin ya ɗaga alama sai ya dube ni tukuna. Idan akwai faladin, wato mayaƙi mai rantsuwar addini, a tawagarku ku yi irin wannan maganar, don wani reshen nasu ma yana da korar matattu. Kuma kada ka cure su wuri ɗaya ko da ba kilarik: jini 19 ba ya ɗaukar wutar 28.

Na biyu, na rage yawansu, kuma nan ne na fi son a saurare ni. Rundunar gawa kiwo ce, kullum sai ta ci. Ikonka a kansu awa 24 ne, kafin ya cika sai ka sake yin sihirin, gurbi ɗaya na mataki na 3 yana riƙe huɗu kacal. In ka bari lokaci ya wuce sun daina jin maganarka, kuma ga su da makamai a tsakiyar sansaninku. Takwas na cin kashi biyu cikin uku na mafi tsadar abin da kake da shi tun kafin ka ga abokin gaba. Huɗu na cin gurbi ɗaya, wanda baiwar matsafi ta Farfaɗo da Sihiri za ta mayar maka a gajeren hutu, tunda a mataki na 6 tana dawo da gurabe da jimillar matakansu ta kai 3. Da na san haka a wancan daren, da ko an share su duka ina da cikakken matsafi a tsaye.

Kuma huɗun ba su da rauni kamar yadda ake zato, saboda Tada Gawa ba ya buƙatar tattara hankali. Hankalinka a sake yake, sai ka ɗora Yanar Gizo a kai, sihirin mataki na 2. Wanda ya maƙale a ciki ana harbinsa da dais biyu a ɗauki babba, sai damar samu ta tashi daga rabi zuwa kashi uku cikin huɗu. Kibiya uku cikin huɗu, kusan 25 a zagaye, abokin gaba kuma ba ya motsi, mayaƙinku ma yana cin moriya. Ina ƙara Makanta a kai idan ta kama, shi ma ba ya neman tattara hankali. Wannan haɗin ya ci mana faɗa fiye da yadda takwas suka taɓa ci.

Akwai abubuwan da ke da kyau a takarda waɗanda ban ga amfaninsu ba. Girbin Rai, baiwar da matsafin gawa ke samu a mataki na 2, yana mayar maka da jini ne kawai idan sihirinka ya yi kisan, kibiyar ƙwarangwal ba ta cikin lissafi, kuma su ne ke yawan kisan. Taɓawar Mai Shan Jini tana so ka matsa har ka taɓa abokin gaba da hannu, ka kuma saki Yanar Gizo don ita. Matsafi mai dais ɗin jini na fuska 6 ba shi da aiki a wannan wurin. Zombi kuwa, wanda Tada Gawa ke yi da gawa mai nama, jininsa 22, yana da taurin rai, amma tafiyarsa ƙafa 20 ce kuma kariyarsa 8. Ɗaya ya isa idan kana son abin toshe ƙofa.

Sai maganar mutanen tebur. Lokacin da nake da takwas, layina yana cin lokaci har wasu su ɗauki waya. Yanzu dais huɗu nake watsawa tare, mun yarda da mai jan wasa kowace kibiya 8 ce ba sai an jefa ba, cikin ɗan lokaci na gama. Shiga gari ma ya yi sauƙi. Huɗu sun shige cikin amalanke a rufe da buhuna, takwas kuwa kullum sai an yi gardamar inda za a ɓoye su da wanda zai koma ya sabunta sihirin kafin awa 24.

Kafin ka rubuta komai a takardar gwarzonka, tambayi wane littafi ake bi. A dokokin 2024 an gyara Korar Matattu, kilarik ne ke zaɓen waɗanda za ta shafa, don haka abin da ya same ni ba zai same ka ba. Sai dai littafin 'yan wasa na 2024 rassan matsafi huɗu kawai ya kawo, kuma babu na gawa a cikinsu, sai mai jan wasa ya yarda ka ɗauko na 2014. Teburori da yawa suna gauraya biyun, kilarik daga nan, matsafi daga can. Ka sa a buɗe shafin Korar Matattu a gabanka, ku karanta shi tare da mai riƙe da kilarik, kafin ka sayi baka ko ɗaya.