Walimar tarewa a sabon gida: abin sha biyu da abin taɓawa huɗu sun isa

Babbar matsalar walimar tarewa ita ce kicin ɗin da za a yi aikin a cikinsa baƙo ne ga masu gidan. Ba a gama sanin zafin oben ba, firji bai daɗe da jonawa ba, ludayi yana cikin wani kwali, rariya tana cikin wani. Duk wanda ya ɗauko girki kala bakwai a irin wannan rana, a bakin murhu zai ƙare, baƙi suna falo suna kallon bango. Alhali mutane sun zo ne su ga gida su gaisa da masu shi, kuma shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Don haka tsarin da ke ƙasa bai wuce abin sha biyu da abin taɓawa huɗu ba, kuma kusan duka ana gama su tun kafin a ƙwanƙwasa ƙofa. Lissafin na mutum 20 ne, a zaman awa biyu zuwa uku.

A sa lokacin tsakanin abincin rana da na dare, a kuma rubuta lokacin tashi a cikin gayyatar. Wanda aka gayyata da ƙarfe huɗu zuwa shida ya san ba tukunya aka ɗora masa ba. Idan aka sa shi dab da cin abincin dare, kowa zai zo da yunwarsa, abin da zai ishi mutum 20 sai goma su share shi.

Kafin a zo kan girki, a gwada kayan aiki, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Firjin da aka ɗauko a mota yana buƙatar a bar shi tsaye na 'yan awoyi kafin a jona shi, don man injinsa ya koma mazauninsa, sannan yakan ɗauki kusan kwana guda kafin sanyinsa ya daidaita. Abin da ake nema shi ne digiri 5 a ma'aunin Celsius ko ƙasa da haka. Oben sabo fil kuma a kunna shi ba komai a ciki, da zafi sosai, na minti 30 zuwa awa ɗaya, tagogi a buɗe, har warin mai da na sabon ƙarfe ya fita. In ba haka ba kek ne zai shanye warin. Dabarar sanin halinsa ba ta da wuya: a jera yankan burodi a faranti a saka na 'yan mintuna. Gefen da ya riga yin ja, nan wutar ta fi ƙarfi, sai a san za a juya farantin kek idan gashi ya yi nisa.

Abin sha shi ne inda aka fi yin kuskuren lissafi. A ƙiyasta kofi uku ga kowane mutum, kofin mililita 250. Mutum 20 ke nan lita 15. A raba su haka: lita 6 na ruwan lemun tsami, lita 4 na shayi mai sanyi da citta, lita 5 na ruwa zalla. Ruwan nan da ake rainawa shi ne yake fara ƙarewa idan ana zafi, saboda haka a ajiye ƙari.

Ruwan lemun tsami a fara shi da sukari. Sukari ba ya narkewa da wuri a ruwan sanyi, ƙasa yake kwanciya, sai na farko ya sha tsami na ƙarshe ya sha zaƙi kamar zuma. Maganinsa a zuba giram 700 na sukari a mililita 700 na ruwa, a ɗora a wuta ana juyawa har ruwan ya yi garau, a sauke ya huce. Ba sai ya tafasa sosai ba. Wannan ana iya yinsa kwana biyu ko uku kafin ranar a sa a firji. Ita kuwa matsar lemun, a bar ta sai safiyar walima. Ana buƙatar mililita 900, wato lemu tsakanin 30 da 45, ya danganta da girmansu da yawan ruwansu. A murza kowanne a kan tebur da tafin hannu kafin a yanka, ya fi ba da ruwa. A tace, a haɗa da ruwan sukarin da lita 4 na ruwan sanyi, a ɗanɗana. A bar shi ya ɗan fi yadda ake so ƙarfi, tunda ƙanƙara za ta sassauta shi.

Ɗaci yana shigowa ta ƙofa uku. Na farko, matsa da ƙarfi har a taɓo farin ɓawon ciki. Na biyu, barin ruwan lemun ya kwana, domin bayan an matse shi wani sinadari mai ɗaci yana taruwa a cikinsa a hankali. Na uku shi ne adon da kowa yake so, wato yankan lemu da ɓawonsa yana yawo a cikin mazubi. Yana da kyau a ido, amma bayan awa biyu ya saki ɗacinsa. A ajiye yankan a ɗan faranti a gefe, mai so ya jefa a kofinsa.

Shayi mai sanyi ya fi sauƙi idan ba a dafa shi ba sam. A zuba ƙullin ganyen shayi 16 zuwa 20 a lita 4 na ruwan sanyi, a rufe, a sa a firji awa 8 zuwa 12, da safe a tsame. Yana fitowa garau, ba ɗaci, ba bauri. Wanda ya fi son na tafasasshen ruwa kada ya bar ganyen ya wuce minti biyar, kada ya matse ƙullin, kuma kada ya jefa shi firji da zafinsa, domin sanyin gaggawa yana sa shi ya yi duhu-duhu kamar ruwan kududdufi. Ba ya cutarwa, amma ba wanda zai miƙa hannu. Cittar a yi ta daban: giram 200 na ɗanyar citta, a kankare a yanka siri-siri, a dafa da mililita 500 na ruwa da giram 300 na sukari na minti 15, a tace. Idan gurzawa aka yi, za a ga wani farin abu ya kwanta a ƙasa. Sitacin citta ne, a tsiyaye na sama a bar shi. A zuba rabin ruwan cittar a shayin tukuna a ɗanɗana, domin yajin citta ba ɗaya ba ne.

Ƙanƙara kuma a tanadi rabin kilo ga kowane mutum, kilo 10 ke nan. Sabon firiza na gida ba zai iya wannan a dare ɗaya ba, sai a fara tun kwana uku, ana juyewa a leda ana sake cikawa. Ga mazubin abin sha, dunƙule ɗaya babba ya fi ƙanana hamsin, saboda ya fi jimawa bai narke ba. Mafi kyau ma a ɗebi lita guda na shayin a daskarar da shi a roba, idan ya narke shayi ne ya koma shayi. Sai dai kada a cika kwalba ko roba har baki, ruwa yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin ɗari idan ya daskare, zai fasa ta.

Abin taɓawa a ƙiyasta guda shida ga mutum ɗaya. Sanwicin ƙwai da kek su ne za su cika lissafin, gugguru da 'ya'yan itace su rufa musu baya.

Kek ɗin faranti ne ya dace, mai faɗin santimita 23 da tsawon 33, wanda ake yankawa gida 24. Faranti ɗaya yana cin giram 250 na bota mai laushi, giram 250 na sukari, giram 250 na fulawa, manyan ƙwai 4, ƙaramin cokali 2 na bekin foda, babban cokali 4 na madara. A buga bota da sukari har su yi fari su yi sakayau, kamar minti biyar. A riƙa fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya ana bugawa. Idan kwaɓin ya kece ya yi gudaji-gudaji, ƙwan ne ya yi sanyi da yawa, sai a yayyafa cokali guda na fulawa a ci gaba. Da zarar fulawa ta shiga, a ajiye ƙarfi. A juya a hankali har farin ya ɓace a tsaya nan, domin yawan bugu bayan fulawa shi yake mai da kek kamar roba. A shimfiɗa takardar gashi, a gasa a digiri 180 na minti 30 zuwa 35. Kada a buɗe ƙofar oben kafin minti 25. Kek ɗin da tsakiyarsa ta lotsa, ko an leƙa shi da wuri ne, ko bekin foda ya yi yawa, ya tashi da sauri ya rasa abin da zai riƙe shi. A soka tsinke a tsakiya, idan ya fito a bushe ya nuna. A yi faranti biyu ana gobe walima, a naɗe su in sun huce, kada a yanka sai ranar. Kek mai kwana ɗaya ya fi yankuwa, ba ya marmashewa.

Mu dai a ganinmu ba a buƙatar yi masa ado da kirim. Kirim yana narkewa, yana neman wuri a firji, kuma ƙarshensa a hannun kujera.

Sanwici shi ne mai son kulawa. Burodi biyu masu yanka 20 za su ba da sanwici 20, a raba kowanne gida huɗu, guda 80. A dafa ƙwai 16 na minti 10 zuwa 12, a tsame kai tsaye cikin ruwan sanyi. Koren zoben da ake gani kewaye da gwaiduwa alamar an wuce da dahuwa ce. A farfasa da cokali mai yatsu, a sa babban cokali 8 na mayonis, gishiri da ɗan barkono. A shafa bota siririya a kowane yanka har gefe, ita ce katangar da take hana danshi jiƙa burodin. Tumatir kuwa a bar shi, ruwansa ya fi ƙarfin botar. A haɗa awa biyu ko uku kafin lokaci, a rufe da tsabtataccen ƙyalle mai ɗan danshi, a sa a firji. A riƙa fitowa da faranti ɗaya-ɗaya. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa da sauri tsakanin digiri 5 da 60, don haka abin da ke da ƙwai kada ya wuce awa biyu a waje, idan zafin gari ya haura digiri 32 kuwa awa ɗaya. Wanda ya wuce haka sai kwandon shara, komai kyansa a ido.

Gugguru ba ya cin lokaci. Giram 100 na masarar gugguru da babban cokali 3 na mai suna ba da wajen lita uku, a yi haka sau uku. A jefa ƙwaya uku a mai, idan suka fashe a zuba sauran, a bar murfin a ɗan karkace don tururi ya fita, in ba haka ba zai yi laushi. Gishirin a daka shi ya yi laushi kamar gari, shi ne yake kamawa.

Kankana ɗaya mai kilo biyar da abarba biyu sun wadatar. A wanke bayansu kafin a yanka, domin wuƙa tana jan dattin ɓawo zuwa ciki. Tuffa da ayaba suna baƙi da sun sha iska, wahalarsu ta fi amfaninsu a nan.

Saura shirin wurin. Kada a haɗa abin sha da abin ci a tebur ɗaya, nan take za a yi cunkoso, kuma a nisanta su biyun daga ƙofar shigowa. Teburin abin sha ya tsaya inda ba kafet, a shimfiɗa tawul a ƙarƙashin mazubin. Kofi 40 ake buƙata ga mutum 20, domin mutane suna ajiye kofi su manta, sai dai idan an ajiye alƙalami kowa ya rubuta sunansa a nasa. Kujera 12 zuwa 14 sun isa, tunda a walimar tarewa rabin mutane suna tsaye suna zagaya ɗakuna. Kwalayen da ba a buɗe ba a tara su a ɗaki ɗaya a ja ƙofa, ba wanda yake tsammanin an gama jera komai. Banɗaki ne wurin da ba a yi wa uzuri: sabulu, tawul, fitila mai kamawa, da sakata mai aiki, wadda sau da yawa sai baƙo ya shiga ake gano ba ta kamawa. Idan an yi sabon fenti, a buɗe tagogi tun kwana biyu kafin ranar. Maƙwabta a sanar da su, gara ma a gayyace su, ko don motocin da za su tsaya a ƙofar gidajensu. A kuma ajiye 'yar takarda kusa da kowane faranti mai nuna akwai ƙwai ko madara ko alkama, saboda waɗanda jikinsu ba ya karɓa.

Ɓarin shayi kuwa sai an yi shi, musamman in akwai yara. A ajiye farin tsumma da kwalbar ruwan sanyi a kusa. A danna tsumman a kan wurin ya tsotse, daga gefe zuwa tsakiya, a zuba ruwa kaɗan a sake dannawa. Gogewa tana tura shayin cikin zaren kafet ta faɗaɗa tabon. Idan shatin bai fita ba, ƙaramin cokali ɗaya na sabulun wanke-wanke na ruwa a kofi biyu na ruwa mai ɗumi yakan ɗauke shi, amma a fara gwadawa a wata kusurwa ta bayan kujera, don a ga ko launin kafet ɗin yana zuba.