Agogon barci da bincike: amsa daga Faransa

Assalamu alaikum 'yan uwa na Garwa, Marwa, Kusiri da Njamena. Yaya zafi, yaya iyali? Na taƙaita gaisuwa, domin tambaya guda ce ke ta zuwa daga ɗalibanmu da ma'aikatan jinya: abin da agogon hannu yake tarawa game da barci, ana iya bincike da shi? Ana iyawa, in an san iyakarsa. Zan taɓa aikin na'urar, da takardu, da yanayin barcinmu.

A asibiti, in za a auna barci, wayoyi ake liƙa wa mutum a ka, da gefen ido, da haɓa, a kuma auna numfashi. Ƙwararre ya yanka daren daƙiƙa 30-30, ya ba kowane yanki sunan matakin barcin da mutum yake ciki. Agogon Fitbit ko Xiaomi, ko zoben Oura, ba ya ganin ƙwaƙwalwa. Motsin hannu yake ji, da bugun jini ta hasken da yake haska fata, saura kuma kintacen manhaja ne. Mai barci, yana gane shi sama da kashi 90 cikin 100. Wanda ya kwanta shiru ido biyu kuwa, sau da yawa barci yake rubuta masa, shi ya sa ya fi yin kuskure a kan masu fama da rashin barci. Jadawalin nan mai launi da manhajar agogon ke nunawa, na barci mai nauyi da barcin mafarki, kada ku gina bincike a kansa.

Ƙarfin agogon yawan darare ne, a kan shimfiɗar mutum ta kullum. Wani bincike na 2022 ya haɗa bayanan mutum sama da 47,000 a ƙasashe 68, ya gano cewa daren da zafi ya haura digiri 30 yana rage barci da kusan minti 14. 'Yan Afirka kaɗan ne a ciki. Wanda ya san Afrilun Garwa ya san wannan aiki namu ne.

Takardu kuwa, su ne suka fi cin rai a nan Faransa. Tun Mayu 2018 dokar Turai ta kare bayanai ta sa bayanan lafiya a sahu na musamman. Kafin a ɗaura wa mutum ɗaya agogo, sai kwamitin ɗa'ar bincike ya duba dosiye, wato takardun neman izini. Sai takardar yarda mai faɗin abin da za a ɗauka, inda za a ajiye, shekara nawa, wa zai gani, da yadda mutum zai janye. Sai yarjejeniya kan kamfanin agogon, tunda bayanan ta rumbunsa suke bi, galibi a wata ƙasa. A sauya samfurin agogo, dosiye ya koma baya. Watanni ake yi, agogunan na cikin kwali batirinsu na mutuwa. Abin da ciwo, amma dalilinsa na gaskiya ne: bayanan barci suna nuna daren da mutum bai kwana gida ba, da lokacin da ya fara rashin lafiya. Kamaru ma ta yi tata dokar a Disamba 2024. Ku buɗe asusun kowane mutum da lamba, ba da sunansa ba, takardar da ke haɗa suna da lamba ta zauna a kulle. Wanda ba ya karatu, a karanta masa da Hausa ko Fulatanci gaban shaida.

Manhajojin nan an gina su ne a kan barci mai tafiya ɗaya. Namu a yanke yake: a tashi Asuba, a koma, a yi ƙailula bayan Azahar, a Azumi ga sahur. Fitbit ba ya fitar da matakan barci sai an kai awa 3, gajeren barci kuma yakan ɓace gaba ɗaya. Ana cire agogo don alwala a manta da shi, wuta ta ɗauke caji ya ƙare. Na'urar da ake sawa ƙarƙashin katifa ba ta amfanar wanda zafi ya kora tsakar gida kan tabarma.

Don haka kowa ya riƙe ɗan littafi na kwana 14: lokacin kwanciya, lokacin tashi, ƙailula, inda ya kwana, da lokacin da ya cire agogo. Samfuri ɗaya ga kowa, a hannun da ba a aiki da shi, ya kama fata kamar yatsa guda sama da ƙashin wuyan hannu. A tsayar da lokacin caji da rana, a tura bayanai zuwa waya duk kwana 2 ko 3. Ku rubuta lambar sigar manhajar agogon ranar farko da ta ƙarshe, domin kamfani na iya sauya lissafinsa a tsakiyar aiki ba sanarwa, sai ku ga barcin mutane ya ƙaru alhali ba abin da ya sauya. Daren da aka rasa a bar shi fanko, kada a rubuta sifili.

Batun minshari da ɗaukewar numfashi sai wata wasiƙar. Wanda iyalinsa ke jin numfashinsa na tsayawa cikin dare ya je ga likita, kada ya jira agogo. A gaida gida.