Godiya ga jama'ar unguwa kan aikin magunan nan

Assalamu alaikum jama'a, manya da yara.

Alhamdulillah aikin magunan nan da muka daɗe muna ta magana a kai, wato a kama magunan unguwa a yi musu aikin hana haihuwa a dawo da su, an yi shi ranar Asabar kuma an tashi lafiya, duk wadda ta shiga hannu an yi mata aiki ta farfaɗo. Da mun so a yi shi ranar Talatar ƙarshen Fabrairu, ranar da aka ware wa irin wannan aiki tun da aka fara a Amurka a 1995, to likitan dabbobi ya ce ranar yana asibiti sai dai ƙarshen mako.

Godiya ta farko ga Baba Mai Unguwa, Allah ya ja da ranka, da ba ka sa baki ba wallahi da mutane sun ɗauke mu marasa aikin yi, don akwai wanda ya ce min ana fama da tsadar masara ku kuna asibitin kyanwa. Sai Malam Liman, Allah ya gafarta Malam, shi ya kashe gardamar halacci bayan sallar Magariba, ya ce malamai sun yi saɓani a kai, ya kawo fatawar Ibn Usaimin cewa idan sun yi yawa suna cutarwa kuma aikin ba zai cutar da su ba to babu laifi, ya fi a bari a haife su sannan a kashe. Ya kuma tuna mana hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, bayan nan masu cewa a zuba guba kawai a huta ba su sake magana ba.

Likita da ɗalibansa ban san da wane baki zan gode muku ba, kuɗin magani da zare kawai kuka karɓa. Lissafin da likita ya yi mana a zaure shi ya sa da yawa suka gane inda matsalar take, cikin mage kwana 63 zuwa 65 ne, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kowace haihuwa 'ya'ya 3 zuwa 5 galibi, kuma 'yar da aka haifa tana wata 5 ko 6 ita ma ta iya ɗaukar ciki, wata ma tun wata 4. To don Allah buhu nawa za a yi ta ɗaurewa ana jefarwa a bola? Na muzuru fiɗiya ce, 'yan mintoci an gama ko ɗinki babu, na mace ne mai aiki, a aske gefen ciki a ɗan tsaga a cire mahaifa a ɗinke. Allurar barcin nan idonsu a buɗe take barinsa, harshe ya ɗan leƙo, sai da Hajiya babba ta fara salati wai an kashe baiwar Allah, ɗalibar da ke shafa mata magani a ido ta ce Mama taɓa ƙirjinta ki ji. Duk an haɗa musu da allurar riga-kafin ciwon haukan kare.

Hajiya mun gode da sito da kika share mana suka kwana a ciki, da tsofaffin zannuwa da aka rufe kejin, da zarar an lulluɓe su sai su yi laƙwas. Mai kifi na bakin titi da ya tara mana kawunan kifi na tarko, ɗan adaidaita sahu da ya yi ta jigila ya ƙi karɓar ko na mai, matan gida da suka daure ba su zuba musu sauran abinci ba daren Juma'a don yunwa ta kai su tarko kuma kada su yi amai a kan tebur, samarinmu da suka sha yaƙushi, Allah ya saka wa kowa da alheri. Wanda aka ciza an wanke wurin da sabulu an kai shi asibiti, kada wani ya raina cizon mage.

Masu tambaya me ya sa aka dawo da su ba a kai su daji ba, indai bolarmu na nan da abinci, kuna kwashe waɗannan wasu za su shigo daga maƙwabta su ci gaba da haihuwa, gara namu da ba sa haihuwa su riƙe wurin kuma suna rage mana ɓeraye. Turkiyya a 2004 sun yi doka a kan haka, a kama a yi aiki a mayar. Kukan dare da faɗan muzurai a kan rufi zai ragu, amma masu tantabaru da 'yan tsaki gaskiya aikin ba ya hana farauta, ku gyara wayar ɗakinsu.

Duk magen da kuka ga an ɗan datse kan kunnenta na hagu an gama da ita, kada a sake kamawa, yara kuma a daina jifa. Wanda ya ga ɗinki ya kumbura ko yana ruwa ya yi min magana ta WhatsApp. Masu shayarwa an bar su sai sun yaye, shi kuwa jan muzurun bayan masallaci ya cinye kifin ya fice, za mu sake zama da likita a sa ranar zagaye na biyu, asusun yana wurin Mai Unguwa ga mai niyya.