Sarƙar Hanomag ta ƙi kwanciya

Asabar. Tun bayan la'asar nake bakin tebur, sarƙa ɗaya ta hana ni sakat.

Hanomag ɗin nan ce ta kamfanin Tamiya, ƙaramin samfurin filastik da ake harhaɗawa da hannu, Sd.Kfz. 251/1, sikelin 1/35 (ta gaske ta ninka ta sau 35 a tsawo), motar sulken Jamus ta Yaƙin Duniya na Biyu, gabanta taya biyu irin na babbar mota, bayanta sarƙa irin ta tanka. Ta gaske tsawonta mita 5.8 ne, ta kan teburina ko santimita 17 ba ta cika ba. Tun shekarun 1970 ake buga wannan samfurin, shi ya sa sarƙar ta zo a roba mai laushi, zubi ɗaya kowane gefe.

Gam ɗin Extra Thin mai koren murfi ba ya cin wannan robar. Aikinsa narkar da filastik ya haɗe shi, ita kuwa ko a jikinta. Sai dai a zura 'yan ƙusoshin bakin sarƙar cikin hudojin ɗaya bakin, a gasa kan sukudireba a kyandir, a danna su baje. Taɓawa ɗaya ta isa, in ka daɗe rami za ka yi. Mahaɗar kuma a juya ta ƙasan tayoyi inda ido ba ya kaiwa. In ta tsinke, allura da baƙin zare.

Na gama ina jin daɗi, sai ga Yaya ya shigo karɓar caja. Ya duƙa ya ƙare mata kallo, ya ce, "Ta yi kyau, amma me ya sa sarƙar ta ɗage sama kamar baka?" Ya ɗauki cajarsa ya fita.

Gaskiyarsa. Wannan mota ba ta da ƙananan tayoyin da ke tallafe sarƙa ta sama. Sarƙar ƙarfe ce mai nauyi, tana saukowa daga tayar gaba mai haƙora ta kwanta luf a kan tayoyin ƙasa. Roba ba ta da wannan nauyin, sai ta miƙe a iska. Maganin shi ne ɗigon supa gulu a bakin tsinken sakace, a shafa a saman tayoyi biyu ko uku na tsakiya, a danne sarƙar, a cusa guntun soso tsakaninta da jikin motar har ya kama. Kada a ja ta da ƙarfi, don tayar baya a kan siririn sanda take, ƙaramin ja ke karkatar da ita.

Da na danne sai wani aibin ya fito. Tayoyin Hanomag a sarƙe suke, wata na shiga bayan wata, ni kuma na manne su duka kafin in yi wa gefunansu baƙin fenti mai lamba XF-85. Yanzu burushi ba ya isa na ciki sai ya ɓata fentin rawaya mai duhu (XF-60) na tayoyin waje. Tun suna jikin firam ɗin filastik da suka zo a manne da shi ya kamata a fente su.

Gefen hagu kawai na gyara. Hazo ya sauko, ƙura har kan tebur, na kifa mata kwali. Har aka kira isha'i maganar bakan nan na yawo a kaina.