Yadda ake auna sabon jarumi a wasan gacha kafin a zuba masa duwatsu

Da zarar an saki sabon jarumi a Genshin Impact ko Honkai: Star Rail, wasannin gacha da ake samun jarumai ta hanyar jan ƙuri'a, kafin gari ya waye YouTube ya cika da bidiyoyi, kowanne da ƙatuwar lamba a goshinsa: bugu ɗaya, ɓarnar miliyan guda. Lambar gaskiya ce, amma akasari an samo ta ne da jarumin da aka ja sau bakwai, da makaminsa na musamman, da 'yan rakiya uku da aka shirya domin wannan bugun kaɗai. Abin da ya kamata mai wasa ya tambaya ya fi haka sauƙi: idan na samu kwafi ɗaya tak na jarumin nan, me zai yi cikin tawagar da nake da ita, a zagaye cikakke, kuma nawa zai ci mini? Zan ɗauki yawancin misalai daga Genshin Impact, wanda ya fito a Satumbar 2020, domin 'yan wasa sun daɗe da tone lissafinsa.

A fara da kuɗin. Ja ɗaya yana cin Primogem 160, wato duwatsun da ake biyan ja da su a wasan. Damar fitowar mai tauraro 5, wato mafi daraja, a kowane ja kashi 0.6 ce cikin 100, kuma wasan ya lamunce maka shi a ja na 90. Alƙaluman da 'yan wasa suka tattara sun nuna cewa damar tana hauhawa daga wajen ja na 74, shi ya sa yawanci ake samunsa kafin a kai 90. To amma wanda ya fito ɗin ba lallai ne ya zama wanda kake nema ba: kusan rabi da rabi ne tsakaninsa da tsofaffin jaruman dindindin. In ka faɗi wannan, na gaba naka ne tabbas. Saboda haka farashin da za ka rubuta a takarda shi ne ja 180, wato Primogem 28,800. Wanda ke da ja 70 a hannu kuma ba shi da lamuni, caca yake yi, ya kamata ya san haka tun kafin ya taɓa allon.

Sai a karanta bayanin fasahohinsa, a nutse, layi-layi. Abu na farko da ake nema shi ne ɓarnarsa daga me take tsirowa: ƙarfin hari, ko yawan jini, ko tsaro, ko gwanintar sinadari (sinadari shi ne nau'in ƙarfin jarumi: wuta, ruwa, iska, tsiro da sauransu). Wannan layi ɗaya yana yanke hukunci a kan rabin tawagar. Bennett, alal misali, ƙarfin hari yake ƙara wa duk wanda ya tsaya cikin da'irarsa, don haka yana ɗaga Xiangling sama sosai, amma Neuvillette da ɓarnarsa ke fitowa daga yawan jini kusan ba ya tsintar komai a wurinsa. Mutum na iya mallakar manyan masu tallafi uku, sabon jarumin ya zo bai dace da ko ɗaya ba. Na biyu, a duba sharuɗɗan da aka ɓoye a ƙasan bayanin. Nilou ba ta sakin ƙarfinta sai tawagar ta kasance ta masu ruwa da masu tsiro zalla. Furina tana zuƙar jinin 'yan tawagarta domin ta ƙara musu ɓarna, wanda ke nufin tana buƙatar mai warkarwa da ke cika jinin kowa da kowa. Hu Tao tana cinye kashi 30 cikin 100 na jinin da take da shi duk lokacin da ta kunna fasaharta, kuma tana samun ƙarin ɓarnar wuta idan jininta bai wuce rabi ba. Mai warkarwa mai ƙwazo yana iya rage mata ƙarfi ba da saninsa ba.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen auna ɓarnar kanta. Ba a auna jarumi da bugu ɗaya, da zagaye ake auna shi, wato daga lokacin da na farko ya kunna fasaharsa har kowa ya yi nasa aka dawo farko. A Genshin zagayen yakan ɗauki daƙiƙa 20 zuwa 25. A ce jarumi na ɗaya yana sauke babban hari na 400,000 amma cajinsa ba ya cika sai bayan zagaye biyu, daƙiƙa 40 ke nan: ɓarnarsa 10,000 ce a daƙiƙa. Na biyu kuwa bugunsa 25,000 ne kacal, amma yana yin goma sha biyu a kowane zagaye na daƙiƙa 20: shi 15,000 yake yi a daƙiƙa. Na farkon ne zai yi suna a bidiyo, na biyun ne zai share ɗakin Spiral Abyss, filin ƙalubalen da ake tsere da agogo, cikin lokaci, inda ake ba tawagogi biyu minti uku a tsakaninsu kafin su rasa tauraro.

Haka lissafin kirit, wato bugun sa'a da ke zuwa da ƙarin ɓarna, yake yaudarar ido. Kowane jarumi yana farawa da damar kirit kashi 5 da ƙarin ɓarnar kirit kashi 50. Matsakaicin abin da kirit ke ƙarawa shi ne 1 a haɗa da damar sau ƙarin ɓarnar. Mai dama 70 da ƙari 140 yana samun 1.98. Mai dama 40 da ƙari 200 yana samun 1.8, alhali jarin da aka zuba wa su biyun daidai yake. Na biyun zai nuna lamba mafi girma idan kirit ɗin ya faɗa, ninki 3 maimakon 2.4, amma a jimla na farko ya fi shi da kashi 10 cikin 100. Dalilin da ya sa ake cewa a riƙe 1 bisa 2 ke nan. Idan sabon jarumi ya zo da kirit a cikin abin da yake samu yayin hawa mataki, ko a cikin fasaharsa, wannan ƙarfi ne na gaske, domin yana rage maka makonnin neman kayan ɗamara, wato kayan da ake sa wa jarumi don ƙara masa alƙaluma.

Yanzu ga caji, kuma a nan zan ɗan tsaya, don shi ne raunin da bidiyon talla ba ya taɓa nunawa. Babban hari yana da farashi: 40 ga wasu, 60 ga wasu, 80 ga masu nauyi, na Raiden Shogun ma 90. Cajin yana zuwa ne daga ƙwayoyin da fasahohi ke zubarwa. Ƙwayar da ta yi daidai da sinadarin jarumi tana ba shi 3 idan shi ne a fili, ta wani sinadarin kuma 1 kawai. Wanda ke benci a tawagar mutum huɗu kashi 60 cikin 100 na wannan yake samu. To ka ɗauki Xiangling: babban harinta na cin 80, kusan dukkan ɓarnarta a cikinsa take, kuma a benci take wuni. Idan abin da ke isa gare ta a zagaye ɗaya 40 ne, sai an kai saurin cajinta kashi 200 kafin harin ya riƙa dawowa a kan kari. Duk layin da ka ba caji a jikin kayan ɗamara, layi ne da ka hana kirit. Shi ya sa ake haɗa ta da Bennett, a kunna fasaharsa a yi maza a sauya zuwa gare ta ta kama ƙwayoyin tana fili, ko a riƙa wa wani makamin Favonius, mai zubar da ƙarin ƙwayoyin caji. Duk sabon jarumin da ƙarfinsa ke cikin babban hari mai tsada, sai ka tambayi ƙwaya nawa fasaharsa ke zubarwa, duk daƙiƙa nawa, kuma wa zai ciyar da shi. In ba amsa, ɓarnar da aka rubuta masa a takarda raba ta biyu.

Akwai kuma ƙa'idar da wasan bai rubuta ko'ina ba. Yawancin hare-hare ba sa shafa sinadarinsu a jikin maƙiyi a kowane bugu. Sukan shafa sau ɗaya, sai bayan bugu uku ko daƙiƙa 2.5 su sake. Wuta a kan ruwa tana ninka ɓarna sau 1.5, ruwa a kan wuta sau 2, amma bugun da ya shafa sinadari ne kawai ke cin wannan ribar. Guguwar wutar Xiangling ba ta da wannan takunkumi, kowane juyi nata na iya tayar da tururi, wato ribar wuta a kan ruwa, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa mai tauraro 4 da ake bayarwa kyauta ta shekara da shekaru tana gogayya da masu tauraro 5. Ba a sanin wannan game da sabon jarumi sai an gwada shi a fili.

Masu tallafi sun fi wuyar aunawa domin lambarsu a jikin wani take fitowa. Yawancin maƙiya suna da juriya kashi 10, wato kashi 90 na ɓarnarka ke shiga. Kayan ɗamarar Viridescent Venerer na masu iska suna zaftare kashi 40 daga juriyar. Abin da ya gangara ƙasa da sifili rabinsa ake ƙirgawa, sai 0.9 ta koma 1.15. Ƙarin kusan kashi 28 ke nan ga duk mai bugu da wannan sinadarin. Lokacin da Kazuha ya fito a 2021 mutane da yawa sun tsallake shi, suna cewa ai Sucrose, tsohuwar mai iska mai tauraro 4, ce aka yi wa kwalliya. Daga baya aka lura yana tattara maƙiya wuri ɗaya, yana zaftare juriya, kuma da gwanintar sinadari 1,000 yana ƙara wa tawaga ɓarna kashi 40. A ganina mai tallafi irin wannan ya fi mai bugu daraja kusan kullum, domin sabon mai bugu yana ture tsoho, shi kuwa mai tallafi yana shiga tawagar sabon ne.

Hukuncin ranar farko ma ba ya daɗewa. An yi wa Kokomi dariya a 2021 saboda an cire mata damar kirit gaba ɗaya, sai ta zama ginshiƙin tawagogin daskarewa, daga baya na tsiro. Kuki Shinobu ta zauna a benci har sinadarin tsiro ya shigo a Agustan 2022, ta wayi gari cikin waɗanda aka fi nema. Zhongli kuwa kamfanin ne da kansa ya gyara shi a farkon 2021 bayan ƙorafin 'yan wasa, garkuwarsa ta koma tana rage juriyar maƙiya da kashi 20. Sai dai irin wannan gyara ba kasafai ake yinsa ba, kuma ja bisa fatan za a gyara jarumi nan gaba hanyar asara ce.

A Honkai: Star Rail, inda ake faɗa bi da bi, gudu ne ke maye gurbin daƙiƙoƙi. Ana raba 10,000 da gudun jarumi a samu tazarar da ke tsakanin motsinsa. Zangon farko na Memory of Chaos, filin ƙalubalen wasan, tsawonsa 150 ne a wannan ma'auni, don haka mai gudu 134 yana motsi sau biyu a cikinsa, mai 133 sau ɗaya. Maki ɗaya ne tsakaninsu. Sannan tawaga na tarayya a makin fasaha da ba sa wuce 5 a ƙa'ida; jarumin da ke cin maki a kowane motsi yana buƙatar abokan da za su riƙa yin bugun talaka suna mayar da shi.

Kada a manta da wayar kanta. Yawancin masu bidiyon gwaji a kwamfuta suke wasa. Jarumar da sai an saita kibiya da hannu, irin Ganyu, ko wadda sai an katse motsinta da tsalle a daidai lokaci, irin Hu Tao a cikin daƙiƙa 9 na fasaharta, ba ta ba da abin da takarda ta ce a kan gilashin waya, balle in wayar ta yi zafi ta fara sarƙewa. Amfanin filin gwajin da wasan ke buɗewa kyauta ke nan: ka ji yadda jarumin ke zama a yatsunka. Amma kada ka auna ƙarfinsa a can, don an riga an yi masa shiri mai kyau, maƙiyan kuma marasa ƙwari ne.

Bayan an samu jarumi ma akwai wani kuɗin. Kai shi mataki na 90 na buƙatar kayan babban dodo 46 da tsirrai ko ma'adinan yankinsa 168. Kowane karo da dodon yana cin Resin 40 (makin da ake kashewa don karɓar lada) ya ba da biyu ko uku, Resin kuma ɗaya ke dawowa duk minti 8, wato 180 a yini. Kwana huɗu ke nan ko fiye a kan dodo kaɗai, kafin littattafan fasaha, kafin kayan ɗamara waɗanda sa'a ce zalla. Idan sabon jarumin yana amfani da kayan ɗamarar da kake da su a ajiye, ka ɗora masa maki. Idan sai an buɗe sabon kogo dominsa shi kaɗai, ka cire.

Sai a leƙa kwafinsa na biyu da na uku, ko da ba ka da niyyar jansu. Akwai bambanci tsakanin kwafin da ke ƙara lamba da wanda ke toshe ɓarakar da aka bari da gangan. Kwafin Hu Tao na biyu yana cire gajiyar da bugunta mai nauyi ke jawowa, abin da ke nuna cewa a kwafi ɗaya gajiyar ce matsalarta, kuma da ita za ka zauna. In ka ga an ajiye juriyar katsewa ko maganin ƙarancin caji a can sama, to an faɗa maka raunin jarumin da bakin kamfanin. Makaminsa na musamman ma haka: nemi gwajin da aka yi da makami mai tauraro 4 da ake ƙerawa ko ake samu kyauta, ka ga tazarar.

Allon ja yakan zauna kimanin sati uku, kuma jarumin da aka ja a rana ta goma daidai yake da wanda aka ja a rana ta farko. Lambobin da ke yawo kafin fitowa na gwajin cikin gida ne, sukan canza. A cikin satin farko masu lissafi za su fitar da adadin ƙwayoyin caji, da yadda yake shafa sinadari, da gwajin kwafi ɗaya a Spiral Abyss. Bidiyon da za ka nema shi ne wanda ya nuna shafin alƙaluman jarumin, da makaminsa, da na sauran ukun, sannan ya yi zagaye biyu a jere ba tare da yanke hoto ba, domin a zagaye na biyu ne ake ganin ko cajin ya dawo.