Idan lissafi ya ce sifiri daidai yake da biyar

Abin da ya fi zauna mini a kai cikin aljabara shi ne, yawan daidaito (wato maganar lissafi mai alamar =) ba ya warware lissafi sai in kowanne ya zo da sabon bayani.

Ɗauki x + y = 10 da x − y = 2. Ka haɗa su, y ta ɓace, 2x = 12. Ke nan x 6 ce, y kuma 4. Wannan kowa ya iya.

To, a sauya na biyun ya koma 2x + 2y = 20. Ka ninka na farko sau biyu, ka ɗebe, sai ka tashi da 0 = 0. A nan ɗalibai da yawa kan soke aikin su sake sabo, suna zaton hannu ne ya goce. Alhali lissafin ya gama magana: na biyun maimaicin na farko ne, shaida ɗaya ce ta sauya riga. Amsoshi ba iyaka, 7 da 3 sun yi, 9 da 1 ma sun yi. In kuwa 25 aka sa a madadin 20, sakamakon 0 = 5 ne. Maganganun biyu sun ƙaryata juna, amsa babu ita.

Sai da na fara zana su na ga dalili. Kowane daidaito irin waɗannan miƙaƙƙen layi ne idan aka zana shi. Layuka biyu ko su haɗu a wuri guda, ko su yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa ba haɗuwa, ko ɗaya ya kwanta a kan ɗaya. Babu na huɗu.

Dabarar kawar da ɓoyayyun adadi ɗaya bayan ɗaya ana jingina ta ga Gauss, Bajamushen da aka haifa a 1777, amma masu lissafin ƙasar Sin suna yin ta da 'yan sanduna tun kimanin shekara 2,000 da suka wuce. Ita na fi yarda da ita. Ƙa'idar da wani masanin lissafi mai suna Cramer ya wallafa a 1750 don warware irin wannan lissafin tana da kyan gani a takarda, sai dai da zarar adadin da ake nema ya wuce uku, aikin ya yi yawa. Kwamfuta ma ba ta hanyar Cramer take bi ba idan lissafin ya girma.

Wajen duba amsa, a mayar da ita cikin dukkan daidaito na asali, ba guda ɗaya ba. A misalin farko, 5 da 5 za su gamsar da x + y = 10 sarai, amma su faɗi a x − y = 2.